Iyafis da hular kwano: abin da mai babur zai duba kafin ya saya

A 'yan shekarun nan wayar salula ta zama kayan aiki ga miliyoyin masu hawa babur a sassa daban-daban na duniya, musamman masu kai saƙo da masu ɗaukar fasinja, waɗanda ke dogara ga muryar taswira da kiran abokan hulɗa wajen gudanar da sana'arsu. Hakan ya sa ƙaramar na'urar sauraro da ake sanyawa a kunne, wadda aka fi sani da iyafis, ta samu karɓuwa matuƙa a tsakaninsu. Sai dai akasarin waɗanda ake sayarwa a kasuwa ba a ƙera su domin zama a ƙarƙashin hular kwano ba.

Kukan da masu babur suka fi yi shi ne iyafis yana zamewa a lokacin sanya hula, ko ya faɗi ƙasa a lokacin cire ta, ko kuma ya danne guringuntsin kunne har wurin ya yi tsami tun ba a yi nisa ba. Waɗannan matsaloli suna da magani. To amma wasu daga cikin dabarun da jama'a ke bi domin magance su suna raunana hular, wasu kuma suna cutar da ji, kuma a nan ne batun ya wuce na jin daɗi.

Abin da ke sa shi faɗuwa

An ƙera hular kwano ne yadda bakinta zai fi faɗin kai ƙunci, domin kada ta fice idan aka yi haɗari. A cikinta akwai soso mai laushi da ke tokare kumatu da gefen kai. Idan mutum zai sanya ta, wannan soso yana gogar fatar kunne daga sama zuwa ƙasa, idan zai cire ta kuma ya goge ta daga ƙasa zuwa sama. Duk abin da ya ɗara fatar kunne tudu sai sosan ya kama shi.

Saboda haka abu na farko da ake dubawa shi ne siffar na'urar, kafin a zo batun daɗin sauti ko sunan kamfani. Tun da kamfanin Apple ya fitar da AirPods a shekarar 2016, samfurin da ke da jela mai saukowa daga kunne ya mamaye kasuwa, kuma kamfanoni da dama sun kwaikwaye shi. Wannan jela ita ce abin da sosan kumatu ke fara kamawa. Haka nan samfurin da ke da babban kai kamar goro, wanda aka cusa batir da makirfo a cikinsa, yakan turo waje, hular kuma ta matse shi cikin guringuntsi.

Akwai gwaji mai sauƙi da masu doguwar tafiya a babur suka daɗe suna yi. Mutum ya sanya iyafis ya dubi madubi kai tsaye: idan yana hango shi ya leƙo daga gefen kunne, to da wuya ya zauna a cikin hula. Na biyu kuma ya kwanta a gefe guda bisa matashin kai na 'yan mintoci. Wanda ya yi ciwo a kan matashi zai fi haka ciwo a cikin hula, inda matsin ba ya sassautawa.

Abu na biyu shi ne bakin na'urar. Samfurin da ba shi da robar baki, wanda ke rataye kawai a ƙofar kunne, ba shi da abin da ke riƙe shi in ban da nauyinsa. Wanda ke da robar da ke shiga ramin kunne ya fi kamawa, muddin girman robar ya dace. Tsawon ramin kunnen babban mutum ya kai kimanin santimita biyu da rabi, yana da lanƙwasa, kuma sashensa na waje guringuntsi ne da ke motsi duk lokacin da muƙamuƙi ya motsa. Wannan ne dalilin da ya sa iyafis ke turowa sannu a hankali idan mutum yana magana ko yana tauna goro.

Kamfanoni kan haɗo robobi masu girma daban-daban a cikin kwali, amma mutane da yawa ba sa taɓa sauya wadda suka tarar a jiki. Ya kamata a gwada su duka, kowane kunne da nasa, domin ba lallai ne ramin dama da na hagu su zama daidai ba. Akwai kuma bakin soso, irin wanda kamfanin Comply ke yi, wanda ake murzawa ya ƙanƙance, a sanya shi, sannan ya kumbura ya cike ramin. Ya fi roba riƙo kuma ya fi tare ƙara, amma yana shan gumi kuma yana lalacewa da wuri.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba sai bayan an saya shi ne yadda ake sarrafa na'urar. Yawancin na zamani da taɓawa suke aiki, kuma sosan hula na iya taɓa su, waƙa ta tsaya ko kira ya katse. Wasu kuma suna da abin da ke gane an cire su daga kunne, wanda da zarar sun ɗan gota sai sauti ya ɗauke. A samfura da dama ana iya kashe waɗannan daga manhajar da ke cikin waya, kuma yana da kyau a tambaya kafin a biya kuɗi.

Mai waya da marar waya

Ko da yake ana yi masa kallon tsohon yayi, iyafis mai waya yana da fifiko a wannan fage. Ba shi da batir, don haka kansa ƙarami ne. Samfura irin su Shure SE215, waɗanda aka tsara bisa irin na'urar da mawaƙa ke sanyawa a dandali, suna kwanciya cikin kwarmin kunne, wayarsu kuma tana zagayawa ta bayan kunne tana ƙara riƙe su. Idan ɗaya ya zame, yana nan rataye, ba a tsakiyar kwalta ba. Samfurin da ake ratayawa a wuya, wanda kamfanoni irin su Oraimo ke sayarwa da yawa a kasuwannin Afirka ta Yamma, shi ma yana da wannan amfani, domin batir ɗinsa yana wuya ne.

Sharaɗin dai shi ne a bi da wayar ta cikin riga, a kuma bar mata ɗan sarari a wuya yadda juya kai domin duba baya ba zai fizge ta ba. Waya mai lilo a waje na iya sarƙe hannun babur.

Akwai kuma na'urar da ke aika sauti ta ƙashin gefen fuska ba tare da ta toshe kunne ba. Masu tseren keke da masu guje-guje suna son ta, amma a cikin hular da ta rufe kai duka tana rasa wurin zama, kuma tana barin kunne a buɗe ga iska.

Hula ce kan gaba

Dabarar da ta fi kowace haɗari ita ce gyara hula domin ta dace da iyafis. Wasu kan sayi hular da ta fi kansu girma, wasu su bar igiyar haɓa a sake, wasu kuma su sa wuƙa su ƙwaƙule cikin hular daidai saitin kunne. Irin wannan ne Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido.

Tsakanin ƙoƙon hular na waje da soso mai laushi akwai wani farin soso mai tauri, kuma shi ne ainihin abin da ke ceton rai. Idan kai ya bugi ƙasa, shi ne ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Duk inda aka rage kaurinsa an rage kariya, kuma gefen kai na daga cikin wuraren da ƙashin kai ya fi siranta. Hular da ta yi yawa kuwa, ko wadda ba a ɗaure ba, tana iya barin kai tun kafin mutum ya kai ƙasa.

Wani nazari da ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta wallafa a 2008, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, tana kuma rage haɗarin rauni a kai da kimanin kashi 69 cikin 100. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a haɗuran hanya a shekara, kuma aƙalla ɗaya cikin biyar daga cikinsu masu hawa babur ne ko keke mai ƙafa uku.

A farkon 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta sanya hular kwano, kafofin yaɗa labarai sun ba da rahoton yadda wasu 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya a ka domin kauce wa kamu. Jama'a sun yi ta dariya a lokacin. Amma hular gaske da aka ƙwaƙule cikinta, ko aka bar igiyarta tana reto, ba ta yi wa ƙwaryar nisa sosai ba.

Hulunan zamani da dama suna zuwa da gurbi a saitin kunne wanda kamfani ya tanada tun daga masana'anta, kuma an gwada hular da shi. Mai niyyar sauraro a kan hanya zai fi dacewa ya nemi irin wannan, ya kuma tafi shago da iyafis ɗinsa ya gwada su tare.

Ƙugin iska

Babbar barazana ga kunnen mai babur ba daga injin take fitowa ba idan an fara gudu, daga iska take. Iskar da ke bugun hula tana kaɗawa a ƙasan haɓa da gefen wuya tana haifar da ƙugi mai zurfi, kuma hula ba ta iya tare irin wannan sauti sosai.

Wani likitan kunne a Birtaniya, Andrew McCombe, wanda ya yi bincike kan jin masu babur tun a shekarun 1990, ya rubuta a 2003 cewa ƙarar da ke isa kunne a cikin hula ta kai kimanin desibel 90 idan ana gudun kilomita 60 a sa'a guda, ta kuma kai 110 idan gudun ya kai kilomita 160.

Domin fahimtar waɗannan alkaluma, ana iya duba ma'aunin cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH. Cibiyar ta ƙayyade cewa kada ma'aikaci ya wuce sa'o'i 8 a cikin ƙarar desibel 85, kuma duk lokacin da aka ƙara desibel 3 sai a raba lokacin biyu. Ke nan sa'o'i 4 a desibel 88, sa'o'i 2 a 91, sa'a 1 a 94, sannan minti 15 kacal a desibel 100. Bisa lissafin McCombe, mai gudun kilomita 80 yana cikin ƙarar da ta haura desibel 95, wadda iyakarta ba ta kai sa'a guda ba. Tafiya daga Kano zuwa Zariya a irin wannan gudu ta kusa sa'o'i biyu.

A nan ne iyafis marar kama kunne ke yin ɓarna. Tun da ba ya tare ƙugin iska, mai shi ba zai ji komai ba sai ya ƙure sauti har ya rinjayi iskar, sai ƙara ta hau kan ƙara. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa wanda ke ɗauke da dubban ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, waɗanda ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tofowa. Lalacewar ba ta zuwa da zafi. Takan ɗauki shekaru, mutum ya fara rasa gane magana a cikin taro ko a kasuwa, yana ganin mutane ne ba sa buɗe baki.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya sun fitar da ƙa'idar sauraro ba tare da cutarwa ba, inda suka sanya iyakar desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ga manya. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Mai sana'ar babur da ke wuni a kan hanya kwana shida a mako yana iya cinye waɗannan sa'o'i tun mako bai ƙare ba.

Saboda haka iyafis da ya toshe ramin kunne da kyau yana da amfani biyu: ba ya faɗuwa, kuma yana ba da damar sauraro da ƙaramin sauti. Akwai kamfanoni irin su Plugfones da ke ƙera abin toshe kunne na ma'aikatan masana'antu wanda aka sanya wa ƙaramar lasifika a ciki, kuma suna rubuta adadin ƙarar da yake ragewa a jikin kwali. Yawancin wayoyin zamani kuma suna da wurin da ake ƙayyade iyakar ƙarfin sauti. Ya fi kyau a saita sautin kafin a tashi, a wuri mai shiru, a bar shi a haka. Idan an hau babbar hanya aka daina ji, alama ce ta cewa iska ta yi yawa, kuma ƙara sauti ba zai rage ta ba.

Fasahar soke hayaniya da ake tallatawa a samfura masu tsada tana aiki sosai a jirgin sama ko a cikin mota, inda ƙarar ba ta sauyawa. A babur sakamakonta bai tabbata ba. Ƙugin iska yana hawa yana sauka, kuma idan sosan hula ya rufe makirfon da fasahar ke dogara a kansa, wasu samfuran kan riƙa yin fito a kunne.

Masu doguwar tafiya da dama sun zaɓi wata hanya dabam. Suna liƙa siraran lasifikoki a gurbin kunne na hula, waɗanda ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, irin na kamfanonin Sena da Cardo, sannan su sanya abin toshe kunne mai rage ƙara. Babu abin da zai faɗi, babu abin da ke danne guringuntsi. Illarsa ita ce tsada, kuma idan ba a toshe kunnen ba, lasifikar ma sai an ƙure ta.

Cikin gari da babbar hanya

Abin da ya dace da babbar hanya ba lallai ne ya dace da cikin gari ba. A cunkoson birni, inda gudu ba ya wuce kilomita 30 zuwa 40, iska ba ta da ƙarfi, kuma mai babur yana dogara ƙwarai ga kunnensa domin sanin abin da ke bayansa: hon ɗin babbar mota, jiniyar motar asibiti, ko ihun mai tafiya a ƙasa. Toshe kunnuwa biyu da waƙa a irin wannan wuri kasada ce. Wanda aikinsa ya tilasta masa jin taswira zai iya sanya ɗaya kawai, da sauti ƙasa-ƙasa, ya bar ɗaya kunnen a buɗe.

Ya kamata kuma a bambanta toshe kunne domin kariya da cika shi da sauti. Abin toshe kunne yana rage ƙugin iska da ƙarar jiniya ne tare, don haka jiniyar ba ta ɓacewa. Waƙa kuwa sabon sauti ce da ke danne na waje, kuma tana ɗauke hankali.

Kiran waya ya fi waƙa ɗauke hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya amfani da ita kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, kuma magana ba tare da riƙe wayar a hannu ba ba ta rage haɗarin da yawa ba, saboda tunani ne ke rabuwa.

Abin da doka ta ce

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Faransa ta haramta wa duk mai tuƙi, har da masu babur da masu keke, sanya na'urar da ke fitar da sauti a kunne tun daga ranar 1 ga watan Yulin 2015. Wanda aka kama zai biya tarar yuro 135 kuma a zabge masa maki 3 daga lasisinsa. Dokar ba ta shafi lasifikar da ke jikin hula ba. Spaniya ita ma ta haramta iyafis ga masu tuƙi, amma wani gyaran doka da ya fara aiki a 2022 ya halatta wa masu babur na'urar cikin hula da aka amince da ingancinta, domin sadarwa ko bin taswira.

A Amurka kowace jiha da tata dokar. Jihar Kalifoniya ta hana sanya na'urar sauraro a kunnuwa biyu lokaci guda, amma ta yarda da abin toshe kunne na kariya muddin bai hana jin hon ko jiniya ba. Birtaniya ba ta da dokar da ta ambaci iyafis kai tsaye, sai dai ana iya gurfanar da mutum bisa laifin tuƙi ba tare da natsuwa ba. A Najeriya amfani da waya a lokacin tuƙi laifi ne da hukumar kiyaye haɗurra ke cin tara a kansa.

Gumi da ƙura

A ƙasashe masu zafi, cikin hula wuri ne na gumi, kuma gumi yana sa roba santsi yana kuma lalata na'ura. A jikin kwali akan rubuta haruffan IP da lambobi biyu. Ta farko tana nuna juriya ga ƙura, ta biyu juriya ga ruwa. Idan aka ga IPX4, ma'anarsa na'urar tana jure gumi da feshin ruwa, amma harafin X na nufin ba a gwada ta da ƙura ba. Ga mai hawa babur a lokacin hunturu, wadda aka rubuta wa IP54 ko IP55 ta fi dacewa. A kayan jabu, waɗanda suka cika kasuwanni, wannan rubutu ado ne kawai.

Yadda ake sanyawa ma yana da tasiri. Idan aka ja fatar kunne sama da baya da ɗaya hannun, ramin yana miƙewa, robar ta shiga yadda ya kamata. Wajen sanya hula kuma a kama igiyoyin biyu a buɗa bakin sosai, sannan a saukar da ita a hankali. Wasu kan sanya siririyar hular yadi da ke rufe kunnuwa a ciki, wadda ke sa sosan ya zame a kanta maimakon ya kama na'urar. An fi asarar iyafis a lokacin cire hula, don haka gara a cire ta nesa da bakin kwata. Idan kuma ya gota ana cikin tafiya, a tsaya a gefen hanya kafin a gyara, domin cusa yatsa cikin hula yana nufin sakin hannun babur.

Likitoci na ba da shawarar a riƙa goge robar a kai a kai, kuma kada a yi aronta, saboda zafi da danshi na taimaka wa ƙwayoyin cuta su yaɗu a ramin kunne. Wanda ya sauka daga babur ya ji kunnensa yana ƙugi ko yana fito, ko ya ji maganar mutane ta dusashe kamar daga cikin rijiya, ya sha ƙarar da ta wuce kima a wannan tafiyar. Sau da yawa hakan yakan wuce bayan wasu sa'o'i, amma idan yana maimaituwa, ko ya kwana biyu bai tafi ba, ana buƙatar zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibiti domin a auna jinsa.